Amsa: Hawan tsaunin da ke saman tafki, yaushe zan tashi?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka kwana bakin tafkin, sai da hantsi ka fara hawa. Gaskiya kar ka yi haka, tashi tun asuba, don a manyan duwatsu hadari ya fi haɗuwa bayan azahar kuma wallahi tsawa ta riske ka a ƙololuwa ba wajen fakewa abin tsoro ne. Duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa wajen digiri 6, ka ɗau rigar sanyi. Inda sai da hannu ake hawa, taɓa dutsen ka ji ko yana motsi kafin ka dogara da shi. In ka wuce mita 2500 kanka ya fara sarawa ga tashin zuciya, sauko kawai.