Filin Tambaya da Amsa: Yaro Mai Baiwar Lissafi, Tsakanin Jarrabawa da Gasa

Daga wata uwa: Ɗana mai shekara 11 kusan kullum ɗari bisa ɗari yake ci a lissafi, amma ya fara cewa darasin ya gundure shi. Wannan makin ya isa shaida cewa yana da baiwa ta musamman?

Makin abin farin ciki ne, Hajiya, sai dai bai nuna miki iyakar ɗanki ba. Jarrabawar aji, har da irin wadda ake yi wa ɗaliban ƙasa baki ɗaya, an tsara ta ne don a ga ko yaro ya riƙe abin da aka koya wa tsararsa. Wanda ya yi bita da kyau da wanda zai iya aikin aji uku gaba da shi duk ɗari za su ci, domin tambayoyin sun ƙare tun iyawar na biyun ba ta ƙare ba. Kamar a ɗora buhun da ya fi ƙarfin sikeli ne: allura za ta tsaya a ƙarshe, nauyin gaskiya kuwa ba a san shi ba.

Wannan matsala ce ta sa Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, a binciken da ya fara a 1971, ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 zuwa 13 jarrabawar SAT, wadda masu neman shiga jami'a suke yi. Nan take yaran da duk suke saman ajinsu suka rarrabu, wasu suka yi wa wasu fintinkau.

Ke ma za ki iya gwada hakan. Ki roƙi malaminsa tsohuwar takardar ajin da ya ɗara nasa da shekara biyu, ya yi ta cikin lokacin da aka ƙayyade, ba wanda zai taimaka masa. Bayan nan ku zauna da malamin ku duba inda ya faɗi. Wata tambayar ba a koya masa darasinta ba, wata gaggawa ce ta kayar da shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin da ya ƙirƙiro hanyarsa ta warware abin da bai taɓa gani ba, ko da bai kai ƙarshe ba. Idan ya ci fiye da rabi, gundurarsa gaskiya ce, kuma ƙarin aiki iri ɗaya ba zai magance ta ba. Aiki mai zurfi yake bukata.

Daga wani malamin sakandare: Ina son shigar da ɗalibaina gasa. Da wace iri zan fara?

Malam, gasar iri biyu ce. Ta farko ita ce ta zaɓen amsa cikin biyar, wadda ke gwada basira da sauri. Gasar Kangaroo, da aka fara a Faransa a 1991, ana yin ta a watan Maris, da tambayoyi 24 zuwa 30 gwargwadon aji, masu maki 3, 4 da 5. Tana da kyau ga mafari, don tambayoyin farko ba sa firgita yaro.

Ka karanta dokar maki tare da ɗalibanka kafin ranar, domin nan ake asarar banza. A gasar AMC 10 da AMC 12 ta Amurka, tambaya 25 ce cikin minti 75: amsa daidai maki 6, wadda aka bari babu amsa maki 1.5, kuskure kuwa sifili. Wanda ya yi cinke cikin zaɓi biyar, abin da zai samu a matsakaici 1.2 ne, wato barin tambayar ya fi masa. In ya cire zaɓi ɗaya da ya tabbata ba shi ba ne, cinke da barin tambayar sun yi kunnen doki a 1.5. Sai ya cire biyu sannan cinken ya zama riba.

Iri ta biyu ita ce ta rubuta hujja (bayani mataki-mataki da ke tabbatar da amsa), wadda ƙololuwarta ita ce gasar Olamfiyad ta lissafi ta duniya, IMO, da aka fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7. Kowace ƙasa tana tura ɗaliban da ba su wuce 6 ba, waɗanda ba su kai shekara 20 ba kuma ba su shiga jami'a ba. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya uku cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimilla 42, kuma ba a shiga da kalkuleta. Fannonin huɗu ne: aljabara, lissafin siffofi, ilimin lambobi da dabarun ƙirga. Afirka ma tana da tata, PAMO, tun 1987. Ka fara da irin ta farko, waɗanda ka ga ba sa sakin tambaya mai wuya sai ka ware su ka koya musu hujja.

Daga wani ɗalibi: Amsata tana fitowa daidai, amma mai horar da mu sai ya ba ni maki 1 ko 2 cikin 7. Me ya sa?

Mafi yawan lokaci dalilin shi ne ka kawo misalai a inda aka nemi hujja. Duba wannan. Ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara lambar, sannan ƙara 41. Da 0 za ka sami 41, da 1 ka sami 43, da 2 ka sami 47, da 3 ka sami 53. Duk lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kuma haka abin zai ci gaba har 39. Wanda ya gwada ashirin zai rantse cewa doka ce. Amma da 40 ana samun 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in a jere bai tabbatar da komai ba.

Ga yadda hujja take. An ce ka nuna cewa cikin kowaɗanne cikakkun lambobi huɗu akwai biyu da bambancinsu yake rabuwa da 3. Sai ka rubuta: idan aka raba lamba da 3, ragowar 0 ce, ko 1, ko 2. Ragowa iri uku, lambobi huɗu, dole biyu su haɗa ragowa ɗaya. In aka ɗebe ɗaya daga cikin lambobin biyun nan daga ɗayar, ragowar ta tafi, abin da ya saura yana rabuwa da 3. Layi uku ne, amma sun rufe kowace lamba. Kullum ka faɗi abin da aka ba ka, ka faɗi abin da za ka nuna, kada ka tsallake mataki don kana ganin a bayyane yake. Mai duba takarda abin da ke rubuce yake ba maki.

Daga wani uba: 'Yata ta faɗi gasarta ta farko, tana cewa ba za ta sake ba. Kuma awa nawa ya kamata ta riƙa atisaye?

Ka gaya mata an tsara gasa ne yadda ko gwanaye za su bar tambayoyi ba amsa. A IMO kanta, kusan rabin mahalarta ne kawai ke samun lambar yabo. In tana ganin fagen na maza ne, ba ta labarin Maryam Mirzakhani ta Iran, wadda ta ci zinare a 1994, ta sake ci a 1995 da maki 42 cif.

Game da atisaye, zama uku ko huɗu a mako, na minti 45 zuwa awa ɗaya, ya ishi mafari. Tambaya biyu ko uku masu wuya sun fi hamsin masu sauƙi. Ta yi aƙalla minti 30 tana fama da tambaya kafin ta leƙa amsa, kuma in ta leƙa, layin farko kawai za ta karanta ta rufe, ta ci gaba da kanta. Ta ajiye littafi na musamman don tambayoyin da suka gagare ta, ta koma musu bayan mako biyu. Atisaye da agogo a bar shi sai saura wata guda a yi gasa. Takardar da ta faɗi ɗin nan ita ce ta farko da za ta shiga littafin.