Tambaya da Amsa: Me ya sa 'yan mata ke cika aji ɗaya, a neme su a aji shida a rasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban kwamitin kula da makarantar firamare ta ƙauyenmu a ƙasar Kafin Hausa, jihar Jigawa. Duk shekara in an ɗauki sababbin yara, mata kan kai yawan maza a aji ɗaya, wata shekarar ma su fi su. Amma kafin a kai aji shida sai ka ga saura 'yan tsiraru, masu wucewa ƙaramar sakandare kuwa ba su taka kara sun karya ba. Masu zuwa wayar da kai suna cewa mu ne ba ma son karatun 'ya mace. Iyaye kuma suna ce mini ko mazan da suka gama ba su iya karanta wasiƙa ba, to don me za a hana yarinya talla? Ina laifin yake, kuma me kwamiti irin namu zai iya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya da ka ɗauka.

Maganar iyayen nan kada ka yi mata riƙon sakainar kashi, domin amsar tambayarka a cikinta take. Mutumin da ya kama hannun 'yarsa ya kai ta aji ɗaya ba za a ce yana ƙin karatun mace ba. Ya kai ta, ya jira shekara uku ko huɗu, bai ga abin da ya sa rai ba, sai ya janye ta. A ganina, tazarar da ke tsakanin maza da mata a makarantun karkara da rashin ingancin karatun kansa tushensu ɗaya. Idan makaranta ba ta koyarwa kowa ya yi asara, amma mace ake fara cirewa.

Kafin in shiga dalili, bari in ja hankalinka kan lissafin aji ɗaya. Yawan matan da kake gani yana iya ruɗar mutum. A ƙauyuka da dama na Kano da Jigawa, wani kaso na yara maza ba ya garin ma, an tura su karatun allo wani wuri. Saboda haka in mata sun fi maza a rajista, ba lallai ne dukan matan garin sun shiga ba. Alƙaluman da hukumar UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun nuna yara kusan miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa makaranta a Nijeriya, kuma a Arewa maso Yamma kashi 47.3 cikin ɗari na 'yan mata ne kawai ke halartar firamare. Wato fiye da rabi suna gida. Rajista daban, zuwa aji kullum daban, koyon wani abu a ajin kuma daban.

To me ya sa mace ce ke fara fita? Ka duba gidan da ta fito. Uwarta tana cikin gida, ba ta fita kasuwa, amma tana da sana'a: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, awara, ɗanwake. Ƙafar da ke kai kayan nan ga mai saye ita ce ta yarinyar. Kuɗin tallan nan da shi ake zuba adashe, da shi ake tara kayan ɗaki, kuma kowa ya san idan aure ya zo uwar amarya ake kallo. Aikin yaro namiji yawanci na lokaci ne, shuka da noma da girbi, sai kiwo. Na yarinya ba shi da rani ba shi da damina: talla, ɗebo ruwa, itace, reno. Don haka duk safiyar da ta yi a aji akwai abin da ya ragu a gida, kuma uwa tana ganin ragin da idonta a faranti. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Amma doka ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen littafin rubutu, ba ta kuma mayar wa uwa cinikin da ta rasa. Uwa za ta iya haƙuri da wannan ragi idan tana ganin amfani. Idan 'yarta ta kai aji huɗu ba ta iya karanta sunan magani a jikin kwalba ba, haƙurin ya ƙare, kuma ba ta yi rashin hankali ba.

Masu cewa addini ne ko al'ada ke hanawa, ina so su je ƙauyenku da la'asar su leƙa Islamiyya. Na tabbata za su tarar da mata sun fi maza, har da waɗanda aka cire daga boko. Iyayen nan ne dai, 'ya'yan nan ne dai. Me ya bambanta? Islamiyya tana cikin unguwa. Malamin an san shi, an san gidansu. Lokacinta bai ci karo da tallan safe ba. Abin da ya fi duka kuwa, sakamakonta a fili yake: yarinya ta dawo gida ta biya hadda, ta gyara sallarta, wata rana a yi walimar sauka kowa ya shaida. Uba yana jin abin da 'yarsa ta koyo da kunnensa. Makarantar boko ta karkara ta kasa nuna wa iyaye irin wannan. Ilimin mata kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ba ina cewa babu uban da ke ƙin boko a ransa ba. Akwai. Amma ba su ne suka kwashe muku aji biyar da shida ba.

Akwai kuma abin da ba a cika magana a kansa ba, wato makara wajen shiga. Tsarin ya ce yaro ya fara aji ɗaya yana shekara shida. A karkara da yawa sai sun kai takwas ko tara. Yarinyar da ta fara a shekara tara za ta kai aji shida tana sha huɗu ko sha biyar, lokacin da samari sun fara sallama, mutane sun fara magana. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma rabin mata sun yi auren fari kafin su cika shekara 16. Ka ga ke nan shekara biyu ko uku da aka ɓata a farko su ne ake rasawa a ƙarshe. Wadda ta fara a shida tana iya gama ƙaramar sakandare a sha biyar. Daidai wannan lokaci ne kuma makaranta ke yin nisa, domin firamare tana ƙauye amma ƙaramar sakandare sau da yawa tana wani gari, sai an ratsa gonaki ko fadama. Namiji zai hau keke. Uban budurwa ba zai sake ta ta bi wannan hanya ita kaɗai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙara da makarantar da ba ta da banɗaki na mata daban da ruwa: yarinyar da ta fara al'ada za ta riƙa fashin kwanaki duk wata, daga fashi sai bari. A yankinku ga ambaliya. A 2022 ruwa ya yi ɓarna sosai a ƙasashen Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, makarantu da dama suka zama matsugunin waɗanda suka rasa muhalli. Duk lokacin da aka yi dogon hutu irin wannan, manyan 'yan mata ne ba sa dawowa.

Yanzu ingancin karatun. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kai ka san yawan da ke ajinku. Sau da yawa za ka ga malami biyu ko uku suna riƙe da ajujuwa shida duka, wasu daga gari suke zuwa a babur, ranar kasuwa kuwa ba a cika ganinsu ba. Wanda ya zo sai ya cika allo da Turanci, yara su kwafa, su maimaita a bayansa da ƙarfi, a tashi. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, ana ciyar da shi gaba duk shekara don shekara ta zagayo, har ya kai aji shida bai riƙe komai ba. Alhali Hausa tana da sauƙin koyon karatu, yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da ita a Indiya, ta gwada yara ɗaya bayan ɗaya a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba: masu sanin harafi wuri ɗaya, masu haɗa kalma wuri ɗaya, masu karanta labari wuri ɗaya, a riƙa ba su awa ɗaya ko biyu kullum. An gwada ta da Hausa a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA. Ba ta buƙatar sabon gini. Tana buƙatar malami ya zo, kuma wani ya sa ido.

Nan aikin kwamitinku ya shigo. Da ni ce kai, Malam, da gwaji zan fara. Ku samu ɗan gajeren labari na Hausa mai jimla huɗu ko biyar da lissafin ɗebewa guda biyu, ku zaunar da 'yan aji huɗu zuwa shida ɗai-ɗai, ba tare da tsawa ko kunyatawa ba, ku rubuta nawa suka iya, maza daban mata daban. Ku ƙirga masu zuwa a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, ku kwatanta da rajista. Ku buɗe littafin zuwan malamai wanda ɗan kwamiti zai riƙa gani. Wannan takarda ita za ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Koke da baki ana mantawa da shi, amma takardar da ke ɗauke da adadi da sa hannun dagaci da liman tana da nauyi. Sannan ku maimaita gwajin bayan zango ɗaya, ku kira iyaye, yarinya ta tashi ta karanta a gabansu, kamar yadda Islamiyya ke yi.

Kada ku yi wannan ba tare da iyaye mata ba. Yawancin kwamitocin da na sani maza ne ke magana a cikinsu, alhali wadda ke yanke hukuncin talla tana cikin gida. Ku kafa ƙungiyar iyaye mata, ku sa ungozoma ko malamar Islamiyyar matan aure ta jagorance ta. Kada a je musu da cewa a daina talla, ba za su ji ba. A nemi a mayar da shi bayan an tashi daga makaranta, ko kayan su koma hannun wata dattijuwa da safe a ba ta ɗan kamasho. Su ne kuma suka san gidan da ke da yarinya 'yar shekara shida da ba a kai ba.

Batun nisa kuwa, abin nema shi ne a buɗe ajin ƙaramar sakandare a harabar firamarenku, ko a haɗa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, an tsara shi ne don irin wannan: gina ajujuwan sakandare kusa da gida, gyara banɗaki, da tallafin kuɗi ga iyalai marasa ƙarfi. Kano tana cikin jihohi bakwai na farko, Jigawa ta shiga da aka faɗaɗa shi a 2023. Ku tambayi ofishin ilimi ko mazaɓarku tana cikin lissafi. Kafin a samu, ku tsara 'yan mata su riƙa tafiya a ayari da rakiyar wani dattijo da gari ya yarda da shi.

Akwai abin da ya fi ƙarfinku, ba zan ɓoye maka ba. Ɗaukar malamai da biyansu na gwamnati ne. Malamai mata kuma sun taru a Dutse da Haɗeja da birnin Kano, in an tura matar aure ƙauye sai ta nemi canji, tunda ba gida ba abin hawa. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne 'yar garin ta zama malamar garin. In kuna da ko mutum ɗaya da ta gama sakandare, ko da matar aure ce, gari ya haɗa hannu ya tura ta Kwalejin Ilimi ta Gumel ta yi NCE, wato takardar shaidar malanta, da alƙawarin za ta dawo ta koyar. Zai ɗauki shekara uku.

Waɗanda aka riga aka cire kuma kada a yafe su. Ba duk aure ne za ku iya ɗagawa ba, amma waliyyi yana da ikon ya nemi alƙawari a gaban shaidu tun wajen baiko cewa yarinya za ta ci gaba da karatu a ɗakinta, kuma liman zai iya tunatar da iyaye wannan. Hukumar yaƙi da jahilci ta jiha tana buɗe ajin manya idan gari ya nema ya kuma samar da wuri. Ku roƙi malamar Islamiyyar matan aure ta ba da rabin awa cikin lokacinta don karatun Hausa da lissafi, tunda mazajensu sun riga sun yarda su je can.