Na tsinci bawon tiramadol a aljihun ɗana: ta yaya ake gane ya kamu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 22 yana tuƙa adaidaita sahu. Wata uku ke nan in zan yi wanki sai in tarar da bawon ƙwaya a aljihunsa, an rubuta tiramadol 225 a jiki. Ya rame, cin abincinsa ya ragu, kuma da safe yakan tashi da hamma da majina da ciwon gaɓoɓi, har mun yi masa maganin maleriya sau biyu. Da na tsare shi ya ce don ƙarfin aiki yake sha, kuma duk ranar da ya ga dama zai bari. Babansa ya ce a sayo abin gwajin fitsari a gwada shi ba da saninsa ba, kawunsa kuma ya ce a kai shi gidan mari. Ta yaya ake bambance wanda ya kamu da wanda yake ɗan taɓawa kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Bari mu fara da fitsarin, tunda shi ake shirin kashe wa kuɗi. Gwajin fitsari tambaya ɗaya yake amsawa: shin wannan sinadarin ya shiga jikin mutum cikin 'yan kwanakin nan? Ba ya faɗin yawan abin da aka sha, ba ya faɗin tun yaushe ake sha, balle ya faɗi ko mutum ya kamu. A wurin ɗanki ma an riga an wuce wannan tambayar, domin da bakinsa ya amsa yana sha.

Sannan gwajin yana da ramukan da suke rufta iyaye. Kowane tsinke a jikin kofin gwajin sinadari ɗaya yake nema. Tsinken da aka rubuta wa OPI ko MOP yana kama kodin da mofin da hodar heroin, amma yawanci ba ya kama tiramadol. Shi nasa tsinken daban ne, mai rubutun TRA ko TML. Sai a sayi kofin da babu wannan tsinken, sakamako ya fito babu komai, gida ya ɗauki murna, alhali yaro ya haɗiyi 225 da asuba. Sholisho da sukudai da zaƙami da ekzol duk ba sa fitowa a irin kofunan da aka saba sayarwa. Karatun ma a juye yake da na gwajin ciki da mata suka sani: a nan layi biyu na nufin ba a samu komai ba, ko da na biyun dishi-dishi ne, layi ɗaya kuma shi ne an samu. Ana karantawa bayan kamar minti biyar, in ya daɗe a ajiye sakamakon ya ɓaci. Akwai kuma batun kwanaki. Kodin da tiramadol kan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu, wiwi kuwa a jikin mai sha kullum takan kai wata guda. Wasu magungunan asibiti ma, irin su rifampicin na tarin fuka da ofloxacin, suna iya sa tsinken OPI ya nuna an samu ga wanda bai taɓa shan komai ba. Shi ya sa a asibiti gwajin fitsari mataimaki ne, ba shi ne alƙali ba. In kuma aka yi masa ta ɓoye ya gano, an yi asarar abin da ya fi sakamakon tsada, wato yardarsa, kuma da ita ake aiki daga farko har ƙarshe.

Kamuwa a hira ake gano ta. Likita ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa zai zauna da shi, ya bi rayuwarsa ta wata goma sha biyu da suka wuce yana neman alamomi goma sha ɗaya da ke cikin littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013.

Huɗu daga ciki suna nuna linzami ya suɓuce. Ya yi niyyar shan ɗaya ya ƙare da uku. Ya sha ƙudurin bari ko ragewa ya kasa. Lokacinsa mai yawa yana tafiya wajen neman abin, shansa, da jiran jiki ya dawo daidai. Sai ƙawa mai ƙarfi, irin wadda ke hana shi tunanin komai sai ya samu. Waɗannan su ne zuciyar cutar, kuma su ne na waje ba ya iya gani. Maganar da ya faɗa miki, cewa duk ranar da ya ga dama zai bari, kusan kowane mai sha yana faɗinta, kuma sau da yawa da gaske yake a ransa. Tambayar da ke buɗe gaskiya ita ce: ka taɓa gwadawa? Kwana nawa ka yi? Me ya mayar da kai?

Uku kuma suna duba zamansa da mutane: aiki ko makaranta ko hidimar gida sun fara faɗuwa, misali kuɗin balas ba ya cika, yana ci gaba duk da rigimar da abin ke jawowa tsakaninsa da iyaye ko mata ko mai keke, ya watsar da abubuwan da yake so a da, ƙwallo ko majalisa ko jam'in sallah. Biyu na ganganci ne, wato sha a yanayi mai haɗari kamar riƙe kan adaidaita da fasinja a baya, da ci gaba da sha bayan ya san abin yana cutar da jikinsa ko hankalinsa.

Biyun ƙarshe na jiki ne. Na farko sabo: abin da ƙwaya ɗaya ke yi masa bara, bana sai biyu ko uku. Na biyu ciwon yankewa, kuma a nan nake so ki dakata, domin abin da kika kira maleriya ya fi kama da shi. Mai shan tiramadol ko kodin kullum, in ya yi sa'o'i takwas zuwa ashirin da huɗu bai sha ba, sai hamma ta kama shi ba ƙaƙƙautawa, ido na hawaye, hanci na yoyo, gumi, tsikar jiki na tashi, ƙasusuwa na ciwo, ciki na murɗa, wani lokaci da gudawa. Barcin dare shi ne tazarar da ta fi tsawo, don haka da safe abin ke bayyana. Ki lura da kyau: in ya fita a galabaice ya dawo bayan awa ɗaya garau, yana hira yana dariya, maleriya ba ta sakin mutum haka.

Lissafin kuwa, alama biyu ko uku cuta ce mai sauƙi, huɗu ko biyar matsakaiciya, shida zuwa sama mai tsanani. Wanda bai kai biyu ba shi ne mai taɓawar da kika tambaya, ko da yake tiramadol na iya jefa mutum jijjiga tun bai kamu ba. Akwai togaciya guda: majinyacin da likita ya ɗora a kan maganin ciwo mai ƙarfi, kamar mai sikila ko mai ciwon daji, kuma yana sha yadda aka rubuta, ba a ƙirga masa sabo da ciwon yankewa. Jikinsa ne ya saba, halinsa bai sauya ba, kuma zalunci ne a kira shi ɗan ƙwaya. Daga bayaninki ana iya hango alamomi uku a wurin ɗanki: ciwon safiya, tuƙi da ƙwaya a jiki, da ci gaba duk da damuwar gida. Sauran sai daga bakinsa.

Kafin wannan doguwar hira akan yi gajeriyar tantancewa. Wadda ta fi dacewa da irin abubuwan da ake sha a ƙasar nan ita ce ASSIST ta Hukumar Lafiya ta Duniya, tambayoyi takwas da ba sa wuce minti goma, kuma ana yi wa kowane abin sha lissafinsa daban, a kan wata ukun da suka wuce. Ga yadda maki ke taruwa. Sha kullum maki 6 ne. Jin ƙawa kullum, 6. Wani na kusa ya nuna damuwarsa cikin wata ukun, kamar yadda kika yi, 6. Ya gwada bari ya kasa cikin wata ukun, 6. An kai 24 ke nan. In abin ya jawo masa matsalar lafiya ko kuɗi ko hukuma ko da sau ɗaya ne, a ƙara 4, ya zama 28. Ga ƙwayoyi, 0 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 26 matsakaici ne da ke buƙatar zaman nasiha na ƙwararre, 27 zuwa sama kuma sai an tura mutum cikakken bincike da magani. Tambaya ta takwas a kan allura take, domin wanda ya taɓa yi wa kansa allura, fenta (allurar kashe ciwo ta pentazocine) ko waninta, dole a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C da kuma HIV. Makin tantancewa ƙararrawa ce kawai, ba shi ne hukunci ba.

Likita nagari ba zai tsaya a ƙwayar ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Zai tambayi barcinsa, damuwarsa, fargabarsa, ciwon baya ko ƙugu da zaman keke na awa goma sha biyu ke jawowa, har da ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Yin wannan tambayar ba ya sa wa mutum tunanin, sauƙi ma yake kawowa. Zai kuma bi tsari: wanne ya riga wani, damuwar ko shan? In alamun taɓin hankali suka ci gaba kamar wata guda bayan an daina sha, to cuta ce mai zaman kanta da ke neman nata maganin. Zai tambayi abin da yake haɗawa da shi, domin da wuya a samu mai shan abu ɗaya tak.

Game da 225 ɗin, ki sani tiramadol da aka amince da shi a Najeriya na miligiram 50 ne da 100, kuma iyakar da likita ke bai wa babba a yini ita ce 400. Ƙwaya biyu na 225 sun riga sun haura iyakar. Daga nan haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya ke ƙaruwa, musamman in an haɗa da magungunan damuwa irin su amitriptyline. Kuma wanda ke fitowa ta bayan fage babu mai tabbacin abin da ke cikinsa.

Shawarar gidan mari kuwa, ina roƙon kawunsa ya janye ta. Ƙasar nan ta ga abin da aka fito da shi daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019, mutane cikin sasari da tabon duka. Ko an ajiye wannan gefe, akwai haɗari biyu na likitanci. Yanke tiramadol farat ɗaya kan kawo wa wasu firgici da ruɗewa da gane-gane, wanda ake ɗauka aljanu ne. In kuma yana haɗawa da roci ko diazepam ko giya, yankewar na iya kawo jijjiga da ruɗewa mai kisa, shi ya sa ake rage su a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Haɗari na biyu yana zuwa bayan an sako shi: sabon jikinsa ya sauka, sai ya koma kan adadin da ya saba sha a da, numfashi ya tsaya. Makonnin farko bayan fitowa daga kulle suna cikin lokutan da masu shan dangin kodin suka fi mutuwa.

Kada kunya ta hana ku zuwa asibiti. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramadol da kodin ne, kuma ɗaya cikin biyar na masu shan ya kai matakin cuta. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, duk suna wannan aikin, kuma da yawa ana duba su ne su koma gida ba tare da kwanciya ba.

Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku biyu kaɗai, ba gaban ƙannensa ba. Ki faɗi abin da idonki ya gani: ramar, ciwon safiyar, bawon ƙwayar. Ki ce masa a je a duba wannan ciwon safiyar, domin shi ne abin da shi kansa yake son rabuwa da shi. Ranar zuwa ki tafi da bawon da kika tara da duk maganin da yake sha, ki rubuta tun yaushe kika fara gani da ko ya taɓa faɗuwa ko yin haɗari da keke. Ki ba likita naki bayanin, sannan ki fita ki bar su, domin akwai abin da ɗa ba zai faɗa gaban mahaifiyarsa ba.

Kafin ranar, kowa a gidan ya san abin yi in abu ya faru. In ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. In ta lafa a kwantar da shi ta gefe, sannan a kai shi asibiti, in kuma ta kai minti biyar ba ta tsaya ba kada a jira ta lafa. In aka same shi ba ya tasuwa, yana wani irin munshari, leɓensa ya sauya launi, ko numfashinsa bai kai sau goma sha biyu a minti ba, kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A garzaya da shi sashen gaggawa, a faɗa musu sunan abin da ya sha da bawon a hannu, domin akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi in an iso da wuri.