Tambaya da Amsa: Wace Riba Dakta Faustus Ya Ci a Cinikinsa da Shaiɗan?

Tambaya: Malam, an sa mana wasan Doctor Faustus na Christopher Marlowe a darasin adabin Turanci. Ni da ƙawata kowa ta sayi nata, sai muka ga nata ya fi nawa kauri, ƙarshensu ma ba ɗaya ba. Wanne ne na ainihi? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Ba a cuce ki ba, duka biyun suna da asali. An kashe Marlowe da wuƙa a Deptford a 1593 yana ɗan shekara 29, wasan kuma bai shiga ɗab'i ba sai bayan rasuwarsa. Bugun 1604 shi masana ke kira rubutun A, na 1616 kuma rubutun B, wanda ya ɗara na farko da layi kusan ɗari shida. Philip Henslowe, mai gidan wasan Rose a Landan, ya rubuta a littafin lissafinsa cewa a Nuwamban 1602 ya biya William Birde da Samuel Rowley fam huɗu don su yi wa wasan ƙari, shi ya sa masana da yawa suke ganin A ya fi kusa da alƙalamin Marlowe. Ki duba shafin ƙarshe: in ɗalibai sun shigo da safe sun tarar da gaɓoɓin Faustus a warwatse, B ne a hannunki. Ki tambayi malaminku wanda za a yi jarrabawa a kansa, kada ki gauraya su a amsa ɗaya.

Tambaya: Shin wasan yana nufin zurfafa neman ilmi halaka ne? Daga wani malamin sakandare, Kano.

Amsa: Malam, wannan fassara ta yaɗu, amma fitowa ta farko a cikin wasan ta rushe ta. Faustus yana zaune a ɗakin karatunsa a Wittenberg, yana ture fannoni ɗaya bayan ɗaya: manɗiƙin Aristotle, likitancin Galen, shari'ar Justinian. Da ya zo kan Littafi Mai Tsarki sai ya karanta rabin aya daga Romawa 6:23, wadda ta ce hakkin zunubi mutuwa ne, ya tsaya, ya bar ragowar da ke maganar baiwar Allah ta rai madawwami. Haka ya yi wa 1 Yahaya 1:8, ya tsallake aya ta 9 mai maganar gafara ga wanda ya amsa laifinsa. Mai digirin dakta a ilmin addini ke nan, ya yanke hukunci da rabin nassi. 'Yan kallon wancan zamani sun san ragowar ayoyin.

Sai a duba cinikin kansa. Ya ba wa Shaiɗan ransa a kan Mephistophilis, aljanin da ke wakiltar Shaiɗan, ya yi masa hidima shekara 24. Da ya tsaga hannu zai rubuta yarjejeniyar da jininsa, jinin ya daskare, sai da aka kawo kasko da garwashi aka narkar da shi. Rubutu ya bayyana a hannunsa da Latin yana cewa ya gudu, bai gudu ba. Tun daga ranar farko aka fara tauye masa mudu. Ya nemi mata, aka ƙi, don aure lamarin addini ne. Ya tambayi wanda ya halicci duniya, Mephistophilis ya ƙi amsawa. Abin da aka gaya masa game da taurari kuwa, shi da bakinsa ya ce ko Wagner yaronsa ya san shi.

To me ya yi da shekarun? Mutumin da ya yi burin kewaye Jamus da ganuwar tagulla ya ɓuge da marin Paparoma a ɓoye, da dasa wa wani jarumi ƙaho a fadar Sarki Charles na Biyar, da sayar wa dillalin dawaki dokin da ya zama damin ciyawa da shigarsa ruwa, da kawo wa matar wani basarake inabi a watan Janairu. Wasu na ganin wannan tsakiyar shirme ce da ta rage wa wasan daraja. A ganinmu nan ne hujjar take: malami ya koma ɗan dabo a ƙofar manya. Ƙofar tuba kuwa ba a rufe ta ba, har dab da ƙarshe wani dattijo yana roƙonsa ya juyo. Yanke ƙauna daga rahama ya hana shi, ya nemi a kawo masa Helen, kyakkyawar macen nan ta labaran Girkawa, don ya manta. Da agogo ya buga sha biyun dare, alkawarinsa na ƙarshe shi ne zai ƙona littattafansa.

Tambaya: An taɓa yin mutum mai wannan suna? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: An yi. Wani ɗan duba ne mai yawo gari-gari a Jamus, Faust, wanda ya mutu wajen 1540. Johann Spies ya buga littafin labaransa a Frankfurt a 1587, aka fassara shi zuwa Turanci, kuma daga wannan fassarar Marlowe ya ɗebo shekaru 24 ɗin da dillalin dawakin da inabin.