Robar buɗe bakin mahaifa: wace lamba zan saka a takardar inshora?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina cike takardun inshorar lafiya a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Aboabo, Kumasi. Ungozoma ta sa wa wata mai ciki robar Foley, siririyar roba mai ƙwallon da ake hurawa a bakinta, don bakin mahaifa ya buɗe a tayar da naƙuda, washegari ta haihu lafiya. Na duba intanet na ga lamba 59200. Ita zan saka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki saka ta. Lambar gaskiya ce, amma ta Amurka ce. Tana cikin tsarin CPT, wato lambobin ayyukan jinya na ƙungiyar likitocin Amurka, kuma ma'anarta sanya abin da ke buɗe bakin mahaifa, kamar laminariya (ɗan tsinke mai kumbura) ko maganin furostagilandin. Ko a can ma ba kullum ake biyanta daban ba: in an sa abin ranar haihuwa, yawanci ana haɗe shi cikin kuɗin haihuwar.

A nan Gana, tun 2008 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ke biya da tsarin G-DRG, wato kuɗin dunƙule. Ba a lissafa roba daban, safar hannu daban. Ki zaɓi rukunin haihuwar da aka yi daga lambobin da suka fara da OBGY (na haihuwa da cututtukan mata), ta hanyar da aka saba ce ko tiyata. Magani ne kawai ke da nasa layin, in yana cikin jerin magungunan inshora.

Inda aikinki yake shi ne dalili. Me ya sa aka tayar da naƙudar? Nan ICD-10, wato lambobin cututtuka na duniya, ke shigowa. Ciki ya wuce lokacinsa, O48. Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, O42. Hawan jinin ciki mai haɗe da furotin a fitsari, O14. In kuwa an sa robar, an hura ƙwallonta da ruwa, an jira har ta faɗo ko aka cire amma naƙuda ta ƙi tashi, akwai O61.1, ta gazawar tayar da naƙuda da kayan aiki, O61.0 kuma ta magani ce. Mutane na yawan rikita waɗannan biyun.

Sai ki buɗe foldar mai haihuwar ki duba da idonki. Sau nawa na ga an rubuta "an sa Foley" kawai, ba lokaci, ba dalili, ba sa hannu! Mai tantance takardun inshora zai ɗauka robar fitsari ce, don ai robar ɗaya ce, wurin sawa ne ya bambanta. Ki je wurin ungozomar cikin ladabi, tun ba ta tashi daga aiki ba, ki ce, "Anti, a taimaka a rubuta ƙarfe nawa aka sa, ruwa mililita nawa aka hura, da ƙarfe nawa ta fita." Ita za ta rubuta da hannunta. Ke kada ki ƙara ko harafi ɗaya a foldar.