Amsa ga mai tambaya kan wuƙaƙen fawa tila

Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya ƙara albarka a gona. Na ga tambayarka cewa fawa tilarka ta daina shiga ƙasa, sai tsalle take tana jijjiga maka hannu, kuma makanike ya ce a canza wuƙaƙe uku da suka fi cinyewa a bar sauran, wani kuma ya ce ka kai wa mai walda ya ƙara musu baki. To ni dai da irin wannan injin nake kaftun albasa da tumatir a wajen Kadawa, kuma shawarata kar ka canza uku, in za ka canza ka canza seti ɗin gaba ɗaya.

Dalili kuwa, sabuwar wuƙa ta fi tsohuwa tsawo da nauyi, to in ka sa uku sababbi a cikin tsofaffin su kaɗai ne za su riƙa dukan ƙasa sauran suna bin iska, kowane zagaye injin ya yi girgiza, girgizar nan boris take ci da oyil sil (robar da ke hana mai tsiyaya) na gefen sandar da wuƙaƙen ke ɗaure a jiki, kafin ka ankara mai ya fara tsiyaya, kuɗin da ka ce ka tsimi sai ka biya ninkinsa wajen gyaran giyar injin. In ɗaya ce ta karye a kan dutse alhali sauran da sauransu, wannan daban, ka sa mata tsohuwa mai kama da su, shi ya sa ba a zubar da tsofaffin da suka ɗan yi dama-dama.

Yadda za ka gane sun ƙare ba wuya. Sayi sabuwa guda ɗaya ka kara da taka. In bakin ya zama tsini kamar mashi, faɗin ya tafi, ko tsawon ya ragu da kusan yatsa biyu, ta gama aiki. Kuma ƙasa ce ke yanke hukunci ba shekara ba, jigawa mai yashi ta fi laka cin ƙarfe nesa ba kusa ba, ita laka in ta bushe ƙamas ba cinyewa take sa su ba, lanƙwasa su take ko ta karya noti, don haka ka ɗan ba fili ruwa ya sha iska kafin ka shiga.

Yanzu wajen ɗaurawa, nan ne mutane ke ɓata aiki wallahi. Wuƙaƙen nan akwai na dama akwai na hagu, wasu ma an buga musu L (hagu) da R (dama) a gindi, ba duka ɗaya ba ne ko da a ido sun yi kama. Manyan injina masu gas, irin na Chana masu doki 12 zuwa 15, yawanci wuƙa 18 ne, rabi dama rabi hagu, ƙananan masu fetur kuma huɗu-huɗu suke zuwa a kowane faranti. Kafin ka taɓa sifana kashe inji, mai fetur ka zare wayar fulogi, ka tokare shi da katako kar ya faɗo maka a ƙafa, sannan ka ɗauki hoto da waya ta gaba da ta gefe. Kar ka kwance duka ka tara a ƙasa. Cire ɗaya, sa sabuwa irinta a gurbinta, sannan ka je ta gaba. Gefen kaifi shi ke fuskantar inda sanda ke juyawa, in ka juya ta baya da ƙeya za ta riƙa dukan ƙasa, injin ya yi ta hayaƙi yana shan mai ba aiki. In ka gama ka ga kaftun yana barin kwari a tsakiya ko tudu a gefe ɗaya, to an musanya dama da hagu a wani wuri.

Noti ma a sa sababbi, masu lamba 8.8 a kai, da washa mai sifirin, kar yaro ya kawo maka notin kafinta. Wanda ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa a jiƙa shi da kananzir ya kwana. Bayan awa ɗaya na aikin farko ka tsaya ka sake bin su da sifana don dole sai sun ɗan saki, kuma noti mai lilo shi ke faɗaɗa ramin mariƙi, wato gurbin da ake ɗaura wuƙa a jikin sanda, in mariƙi ya lalace kuwa sai walda a jikin sanda, wannan ya fi canjin wuƙa ciwo.

Maganar mai walda, ƙara baki da rodi mai tauri yana taimakawa amma tun wuƙa tana da jiki ake yi, ba bayan ta zama tsinke ba, kuma in ya cika mata wuta ƙarfen ya mutu, sai ta lanƙwashe a kunyar farko. Na maƙera da ake bugawa da sifirin mota na ga masu kyau, matsalar nauyinsu ba ya zuwa ɗaya, in za ka yi sai dai seti guda a hannun mutum ɗaya. Sababbi kuwa in za ka Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka tafi da tsohuwa biyu a hannu, dama da hagu, a gwada ramin noti da kaurin gindi, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

Sai kullum in an tashi aiki a cire ƙiri-ƙiri da leda da igiyar buhu da ke naɗewa a ƙarshen sanda, su ne ke yanka oyil sil a hankali. A wanke laka, in za a ajiye har wata kakar a shafa baƙin mai a jiki. Turo hoton sandar taka a nan mu ga ko mariƙan ma da sauransu kafin ka kashe kuɗi.