Za mu ƙaura da awakinmu, wace mota ce ta dace kuma me zan saya?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa an yi wa maigidanta canjin wurin aiki, daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan, tafiyar kwana biyu a mota. Tana da awaki biyar, bunsuru ɗaya, tumaki biyu da 'yan kaji, yara sun shaƙu da su ba ta son sayarwa. Tambayarta: ta cusa su a bayan babbar motar da za ta ɗauki kayan gida, ko ta ɗauki shatar wata daban?

Toh 'yar'uwa, ki ɗauki wata daban. Na san kuɗi ne, amma motar kaya yawanci a rufe take ruf, ga gado ga kujeru ga firij, direba ya taka birki sau ɗaya kaya su zamo kan dabba shikenan. Kuma abinda ke kashe akuya a doguwar tafiya ba yunwa bane, zafi ne da rashin iska da cunkoso, sai a iso lafiya lau bayan 'yan kwanaki ki ga ta fara tari da majina ta daina ci, ciwon huhu ne da wahalar hanya ta tayar. Ki nemi akori-kura ko ƙaramar mota mai keji, a rufa saman da tamfol saboda rana amma a bar gefe iska na ratsawa, kuma ki duba inda salansa take kar hayaƙi ya riƙa shiga musu.

Sai ƙasan motar, wannan kam mutane basa kula da shi. Ƙarfe ne, da sun yi fitsari ya zama santsi, akuya ta zame ƙafafu su wage, sauran su tattake ta. A zuba yashi da kauri sannan a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ko a sayi shimfiɗar roba mai kauri in da hali. Babbar akuya tana buƙatar fili kamar murabba'in mita 0.3 zuwa 0.4, wato ta iya tsayawa ta kuma kwanta. Fili ya yi yawa ma matsala ne, sai su yi ta watsuwa a kowace kwana. Bunsurun nan a raba shi da katako, kar a haɗa shi da kowa, kuma don Allah kar a ɗaure su da gajeriyar igiya a wuya, wadda ta faɗi shaƙewa za ta yi kafin kowa ya ankara.

Abin saye ba yawa: jarkoki, bokiti, igiya, tocila. Ki cika jarkokin da ruwan da suka saba sha, akuya akwai tsirfa, sai ta sansana baƙon ruwa ta kau da kai alhali ƙishi na cinta. A tsaya duk bayan awa huɗu haka a inuwa a ba su ruwa a duba ko wata ta kwanta ta kasa tashi. Kar ki cika musu ciki da dusa ko hatsi ko ɗanyar ciyawa ranar tafiya wai don su ƙoshi, kumburin ciki kike nema, busasshen abinci ya isa. Ki kuma ɗebi wanda zai kai su kwana 7 zuwa 10 a sabon wuri, kina gauraya shi da na can a hankali, cikinsu baya son canji farat ɗaya.

Kajin kuwa ni da zaki ji tawa ki sayar ki sayi wasu a can. Kaza bata yin gumi, zafin mota yana saurin kayar da ita.

Wani bawan Allah kuma yana tambaya ko ya sayi tirelar dabbobi wadda ake ja da mota, tunda shi ma ƙaura zai yi da tumakinsa. Malam in tafiya ɗaya ce tak, haya ta fi maka. Tirela sai wanda zai riƙa jigila, ga gyaran taya ga wurin ajiya, kuma ja da ita sai wanda hannunsa ya faɗa. Kuɗin nan ka kashe su wajen likitan dabbobi da gyaran garke a inda za ka sauka.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya: akuyarta na da ciki, ko akwai allurar barci da za a yi mata ta huta a hanya? A'a Hajiya, kar a yi. Dabbar da aka sa wa maganin barci bata iya riƙe kanta in mota ta girgiza, kuma in ta daɗe kwance ta gefe iska na taruwa a tumbinta. Cikin akuya kusan kwana 150 ne, in ta shiga watan ƙarshe ki barta wurin wani amintacce har ta haihu a kawo miki ita daga baya, wahalar hanya na iya sa ta ɓari. In cikin ƙarami ne likita ya duba ta tukun.

Dukkanku kuma ku je wajen likitan tun saura wata guda, ba ana gobe tafiya ba. Rigakafin PPR, cutar nan mai zawo da majina da ke share garken awaki da tumaki, yana ɗaukar makonni kafin ya kama jiki, amma in ya kama yana kai shekara uku. A nan ne kuma za ku tambayi takardar shaidar lafiya da ake nema a shingayen hanya. In kun isa ku killace su kamar kwana 30 kafin su haɗu da dabbobin maƙwabta, ku kuma zagaya gidan ku ga irin shuke-shuken da ke ciki kafin ku sake su, wasu furannin ado guba ne ga akuya.